Tambaya: wace hanyar lissafi ce ta dace da gano abincin da karoti ya rasa daga awon ganyensa?

Ɗalibar Ader, Tahoua

Assalamu alaikum, malamaina da ƴan uwa. Ni ɗaliba ce a fannin aikin gona a nan Tahoua, kuma ina shirya kundin kammala karatuna a kan noman karoti na rani. A bana na bi garake 16 a kwarin Tadis da kuma wajen tabkin Tabalak, na ware fangali uku a kowace garka, wato fangali 48 ke nan gaba ɗaya. Na yanki ganye a kowanne na aika Yamai, aka auna mini azot, fosfor, potas, kalsiyom da manyeziyom, sa'an nan da lokacin cira ya yi na auna nauyin karotin da kowane fangali ya bayar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na gwada sakamakon da jadawalin da ke cikin littattafan Turai da Amurka, kusan dukan fangalin sun faɗa cikin abin da ake kira wadataccen ƙoshi, alhali kuwa wani fangalin ya ninka wani a yawan amfani har fiye da sau biyu. Akwai ma garkar da ganyenta ya fi na kowa duhu da tsawo, azot ɗinta ya fi na kowa yawa, amma da aka cire sai ga saiwoyi sirara. Malamin da ke duba aikina ya ce in nemi bayani a kan wasu hanyoyin lissafi biyu, DRIS da CND. Ina roƙon a fahimtar da ni yadda suke aiki, wanne ya fi dacewa da karoti, kuma ko fangali 48 sun isa a gina wani abu a kansu. Allah ya saka da alheri.

Malamin ƙididdiga, Yamai

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da kika gani ba baƙo ba ne, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin da malaminki ya ambata.

Jadawalin da kika yi amfani da shi yana duban kowane sinadari shi kaɗai: idan potas ya haura wata iyaka a ce ya wadata, idan bai kai ba a ce ya gaza. Ana samo wannan iyaka ta hanyar zana yawan sinadarin a gefe ɗaya da yawan amfanin gona a ɗaya gefen, kuma hanyar da ta fi shahara ita ce ta Cate da Nelson, waɗanda suka fito da ita a 1965, inda ake gicciya layi biyu a kan zanen, ana matsa su har sai mafi yawan ɗigon sun taru a kusurwar ƙasa ta hagu da kusurwar sama ta dama. Inda layin tsaye ya tsaya, nan ce iyakar ƙaranci. Hanya ce mai sauƙi, har yau ana amfani da ita. Rauninta shi ne iyakar da aka samo a wata ƙasa, da wani iri, da ganyen wani shekarun shuka, ba lallai ta yi aiki a wani wuri ba, sa'an nan ba ta ganin rashin daidaito tsakanin sinadarai. Garkar nan taki mai duhun ganye tana iya kasancewa da potas a cikin iyaka, amma idan aka gwada shi da azot ɗin da ke tare da shi, ya yi kaɗan ƙwarai.

DRIS kuwa Beaufils ne ya tsara ta, ya wallafa a 1973 a Afirka ta Kudu, bayan ya yi shekaru yana aiki a kan itacen roba. Ita ba ta tambayar ko potas ya kai kaza, tana tambayar yadda sinadarai suke a junansu, biyu-biyu. Za ki raba fangalinki gida biyu, masu amfani mai yawa da masu kaɗan. A cikin masu yawan za ki fitar da matsakaicin N (azot) a raba da P (fosfor), N a raba da K (potas), K a raba da P, da sauransu, tare da kason warwatsuwar kowanne, wato yadda alƙaluman suka bazu a kewayen matsakaicin. Waɗannan su ne mizaninki. Da sinadarai biyar za ki sami ma'aurata 10. Da kin auna 11, da sun kai 55.

Bari in kawo misali da alƙaluman da na ƙaga don bayani kawai, kada a ɗauke su a matsayin mizanin karoti. A ce a garake masu kyau N kashi 3 ne cikin ɗari na busasshen ganye, P 0.3, K 3, saboda haka N/P 10 ne, N/K 1, K/P 10, kuma a ce kason warwatsuwar kowanne 20 ne. Sai ga wani fangali mai N 3.6, P 0.3, K 2.0. Nasa N/P 12 ne, N/K 1.8, K/P kuma 6.67. Idan rabon fangalin ya fi mizani, a raba shi da mizanin, a cire 1, a ninka da 1000, a raba da kason warwatsuwa: N/P zai ba da 10, N/K zai ba da 40. Idan bai kai mizani ba, sai a raba mizanin da shi, a cire abin da aka samu daga 1, a ci gaba kamar dā: K/P zai ba da −25. Makin kowane sinadari shi ne matsakaicin waɗanda ya shiga cikinsu, ana juya alamar idan shi ne a ƙasan rabon. N zai sami 25, P 7.5, K −32.5. Ki lura jimillarsu sifili ce, kuma dole ta zama haka kullum. Wanda ya fi nutsewa ƙasa da sifili shi ne ya fi tauye shukar, a nan potas. Idan aka tara makin ba tare da duban alama ba za a sami 65, kuma wannan jimilla ita ce ma'aunin rashin daidaiton fangalin baki ɗaya.

Wannan sifilin yana ɗauke da tarko, kuma ina so ki riƙe shi sosai. Tunda jimilla dole ta zama sifili, DRIS za ta nuna miki wani sinadari a ƙasa ko da shukar ta ƙoshi da komai, haka nan za ta iya ba fangalin da komai ya gaza masa daidai wa daida maki mai kyau. Tana jera sinadarai ne bisa wanda ya fi baya, ba ta rantse miki cewa zuba shi zai ƙara amfani ba.

CND ta zo daga baya, daga Parent da Dafir na jami'ar Laval a Kebek ta Kanada, a 1992, kuma sun gina ta a kan aikin Aitchison na shekarun 1980 game da alƙaluman da jimillarsu take a ɗaure. Awon ganye irin wannan ne, domin duk abin da ke cikinsa kashi 100 ne. Kamar tiya ce da aka cika da gero da dawa: in geron ya ƙaru, dole dawar ta ragu, ko da ba wanda ya taɓa ta. Saboda haka dangantakar da za ki gani tsakanin kason N da kason K wani ɓangarenta na lissafi ne kawai, ba na shuka ba. Tun 1897 Pearson ya yi gargaɗi a kan irin wannan dangantakar bogi a tsakanin rabe-rabe. Abin da CND take yi shi ne ta tara sinadaran da aka auna, ta cire daga 100, ragowar ta zama wani kashi na shida a wurinki. Sai a ninka duka shidan da juna a ɗauki tushe na shida, a raba kowane sinadari da wannan, a ɗauki logaritim. Makin sinadari shi ne tazararsa daga matsakaicin garake masu kyau, a raba da ma'aunin warwatsuwarsu. Maimakon ma'aurata 10, kowane sinadari yana da lamba ɗaya da ta gwada shi da dukan sauran lokaci guda. Parent da abokan aikinsa sun gwada ta a kan karoti ma, a 1994, amma a baƙar ƙasar dausayi ta Kebek, wadda ba ta da kama da rairayin Tadis ko kaɗan, don haka hanyarsu za ki ɗauka, ki bar mizaninsu.

A nawa ganin ki yi CND a matsayin ginshiƙi, ki yi DRIS a gefe don kwatantawa. Sau da yawa suna jera sinadarai iri ɗaya, kuma duka biyun Excel ya isa a yi su, balle manhajar ƙididdiga ta R da ake samu kyauta.

Game da yawan fangalin, ga gaskiyar magana. Idan kika ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na sama, fangali 12 ne za su zama mizaninki, kuma ma'aunin warwatsuwa da aka fitar daga 12 yana da kuskuren da ya kai kimanin kashi 21 cikin ɗari na kansa. Sa'an nan fangali uku na garka ɗaya rijiya ɗaya suke sha, hannu ɗaya ke zuba musu taki, saboda haka ba shaidu uku ba ne masu zaman kansu. A wurare da yawa na lissafin, 16 gare ki, ba 48 ba. Sun isa kundi, muddin kin rubuta cewa mizani ne na wucin gadi. Ba su isa a buga takarda a raba wa manoma ba.

Ma'aikaciyar ɗakin awo, Yamai

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan tsaya a kan abin da ke isowa teburinmu, domin babu lissafin da zai gyara samfurin da ya lalace tun daga garka.

Ƙanwata, wane ganye kika yanka, kuma shukar tana da kwana nawa? Abin da aka saba shi ne ganye mafi ƙuruciya da ya gama buɗewa, a tsakiyar girman shuka, daga tsirrai da yawa a faɗin fangalin, ba na bakin hanyar ruwa kaɗai ba. Azot, fosfor da potas suna raguwa a ganye yayin da yake tsufa, kalsiyom kuwa ƙaruwa yake yi, don haka garkar da aka shuka da wuri za ta fito kamar mai ƙarancin potas da yawan kalsiyom alhali kwanakin shukar ne kawai suka bambanta.

Na biyu, ƙura. Karotinmu a cikin hunturu yake girma, ganyensa kuma yankakke ne siriri, yana riƙe ƙura fiye da na albasa nesa ba kusa ba. Mukan buɗe ambulan mu ga jan gari ya taru a gindinta tun kafin a niƙa. Wannan ƙura tana kumbura awon ƙarfe sosai, tana kuma taɓa kalsiyom. Ana ɗauraye ganyen da tataccen ruwa cikin hanzari, ba a jiƙa shi, domin potas yana zubewa cikin ruwa idan ya daɗe. A zuba a jakar takarda, ba leda ba, domin a leda yana gumi ya fara ruɓewa kafin motar Tahoua ta iso Yamai, sa'an nan a busar a zafin digiri 60 zuwa 70. Idan kuma kin haɗa da awon ƙasa, ki tambayi da wace hanya aka fitar da fosfor: Bray ta dace da ƙasa mai tsami, Olsen ta dace da mai farar ƙasa ko kanwa, kuma ba a zuba sakamakonsu cikin jadawali ɗaya.

Tsohon malamin gona, Tahoua

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Ni ba gwanin logaritim ba ne, amma na daɗe ina shiga garake, kuma akwai abin da nake tsoro a cikin wannan tsari na raba fangali gida biyu. Lissafin yana ɗauka cewa wanda ya ba da kaɗan abinci ne ya gaza masa, alhali a garaken karoti sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba.

Karoti ba ya son gishiri ko kaɗan. A jadawalin hukumar abinci ta duniya, FAO, amfaninsa yana fara raguwa da zarar gishirin ƙasa ya wuce 1 a ma'aunin dS/m, kuma kowane ƙarin 1 yana cin kashi 14 cikin ɗari, wato a 3 an riga an yi asarar kashi 28. Duk wanda ya ga farin ɓawo a kan kunyar fangali a ƙarshen rani ya san abin da nake nufi. Akwai kuma tsutsar saiwa da ido ba ya gani, nematod, wadda take sa ƙulle-ƙulle a saiwa ta sa karoti ya yi ƙafafu biyu ko uku, musamman a rairayin da aka maimaita tumatir da kuɓewa. Ɗanyen takin dabbobi da bai ruɓe ba shi ma yana sa rassa. Ga rashin ragewa: mai garka ya watsa iri da yawa, ya ji tausayin cirewa, su taso a cunkushe kamar gashi. Ga wanda ya makara da shuka har zafin Maris ya riske shi, tunda karoti ya fi yin kyau da launi a sanyi, wajen digiri 16 zuwa 21. Duk waɗannan za su jefa fangali cikin rukunin ƙasa ba tare da laifin taki ba.

Sai dai zancen garkar mai duhun ganye, a nan ina jin Malam yana kan hanya. Ki duba abin da mutanenmu suke zubawa. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana da azot kilo 7.5, potas ɗinsa kuma, idan aka mai da shi tsantsarsa, kilo 6.2 ne kacal. Buhun ure yana da azot kilo 23. Wanda ya zuba buhu ɗaya na kowanne ya ba ƙasa azot kilo 30.5 a kan potas 6.2, ga shukar da take ɗibar potas fiye da azot. Manomi yana son ure domin cikin ƴan kwanaki yake ganin ganye ya yi shar, kuma al'ada ce da aka ɗauko daga noman albasa da salati, inda ido ke saurin gamsuwa. A karoti kuwa ba ganyen ake kaiwa kasuwa ba. Ina kuma ba ki shawara ki auna wanda zai sayu kaɗai, miƙaƙƙe marar tsaga, domin dillali ba ya biyan kuɗin mai ƙafafu ko da nauyinsa ya kai.

Ɗalibar Ader, Tahoua

Na gode ƙwarai, Malam, Yaya, da Baba. Na koma cikin littafin da nake rubutu a garka. Ganyen da na yanka shi ne wanda Yaya ta ambata, an kuma ɗauraye shi aka sa a takarda, amma duka a mako ɗaya na yanka, alhali tsakanin garkar da ta fara shuka da ta ƙarshe akwai kusan mako biyar. Ranar shukar kowace garka tana rubuce. Haka kuma a garake uku na rubuta cewa saiwoyin suna da ƙulle-ƙulle, dukansu kuwa suna cikin masu ƙarancin amfani. Nauyin mai sayuwa da na marar sayuwa daban-daban na auna su. Shin in fitar da garaken nan uku daga lissafi ne? Yaya kuma zan yi da bambancin kwanakin?

Malamin ƙididdiga, Yamai

Tunda kin rubuta ranar shuka, aikin bai ɓaci ba. Garaken nan uku ba za su shiga mizani ba dama, tunda daga rukunin sama ake ɗaukarsa, amma za su ɓata miki gwajin ko makin yana tafiya da amfani. Ki ware su, ki ba da rahotonsu daban, ki faɗi dalili a fili, kuma ki yanke wannan hukunci bisa abin da kika rubuta a garka kafin ki duba makinsu, don kada a ce kin zubar da abin da bai yi miki daɗi ba. Saura garake 13, fangali 39. Ki yi amfani da nauyin mai sayuwa kamar yadda Baba ya ce.

Damuwar Baba tana da maganinta a lissafi, wato hanyar layin iyaka da Webb ya gabatar a 1972. Za ki zana amfani a kan makin potas, amma maimakon ki ja layi ta tsakiyar ɗigon, sai ki bi gefensu na sama, wato mafi kyawun amfanin da aka samu a kowane matakin potas. Ɗigon da suka faɗo ƙasa da wannan layi su ne waɗanda wani abu dabam ya tauye, gishiri ne ko tsutsa ko cunkoso. Da ɗigo 39 layin zai yi rawa, don haka ki nuna zanen kawai, kada ki fitar da iyaka daga gare shi.

Batun kwanaki kuwa, masu DRIS sukan ce rabo ba ya damuwa da shekarun ganye, amma rabin gaskiya ce. N/K yana iya tsayawa tunda duka biyun raguwa suke yi tare. N/Ca, wato azot a raba da kalsiyom, ba zai tsaya ba, domin ɗaya na sauka ɗaya na hawa, shi ya sa wasu suke ninka su maimakon rabawa. Ki zana lambar CND ta kowane sinadari a kan kwanakin shuka. Wanda ya nuna gangara, ki sa kwanakin a cikin lissafin a matsayin abin gyara, ki kuma sa garka a matsayin rukuni domin fangali ukun nan kada a ƙirga su kamar baƙin juna. Idan gangarar ta yi tsanani, ki tsaya a kan garaken da tazararsu ba ta wuce mako biyu ba, ko da adadin zai ƙara raguwa.

Idan bayan wannan duka potas ya ci gaba da fitowa a ƙasa, abin da kike da shi zato ne mai ƙarfi, kuma gwajin cire sinadari ne zai tabbatar da shi a rani mai zuwa. Ki nemi garka ɗaya marar tsutsa, ki yi tsarin taki iri biyar: cikakken N, P da K; wanda aka cire N; wanda aka cire P; wanda aka cire K; da wanda ba a zuba komai ba. Ki maimaita a jere huɗu, kina jefa ƙuri'a a kan inda kowanne zai faɗa a cikin jeren, fangali 20 ke nan. Wannan yana buƙatar taki mai sinadari ɗaya-ɗaya, domin ba a iya cire K daga 15-15-15, kuma saboda maganar gishiri, potas na sulfat ya fi na kulorur dacewa da karoti, don haka ki fara nemansa tun damina, ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Ki yanki ganyen dukan 20 a rana ɗaya, ki lissafa makinsu da mizanin bana, ki ga ko fangalin da aka hana potas su ne makin ya nuna, kuma ko su ne amfaninsu ya faɗi.